Yadda Ake Ɗaure Enzayim a Jikin Garin Maganaɗisu Don Haɗa Man Inji Daga Man Tsirrai

Duk wanda ya taɓa sayen galan ɗin man juye na Castrol ya riƙe sunan zurma a hannunsa bai sani ba. Kamfanin Wakefield na Landan ya ciro sunan ne a 1909 daga sunan man zurma a Turance, domin a wancan zamani shi ake zubawa cikin man inji, kuma da shi injinan jiragen sama da yawa suka yi aiki a yaƙin duniya na farko. Wato shafa wa ƙarfe man tsiro tsohon abu ne. Abin da ya sa man fetur ya ture shi bai wuce arha da juriya ba.

Ɗanyen man tsiro yana da rauni uku. Zafi yana farfasa shi ta wajen ƙashin bayansa, wato gilisarol ɗin da asid ɗin mai guda uku suke rataye a jikinsa. Iska tana cinsa har ya yi danƙo ya yi wari, kamar man gyaɗar da mai ƙosai ta maimaita suya da shi kwana uku. Sannan sanyi yana sa shi barci, kamar yadda manja yake daskarewa a kwalba da hunturu. Maganin raunin farko shi ne a cire gilisarol a maye gurbinsa da wani sinadari mai hannu uku da zafi ba ya saurin karyawa, wanda ake kira trimethylolpropane, ko TMP a taƙaice. Abin da yake fitowa shi ne esta, wato haɗin asid da sinadarin dangin alkohol irin TMP, kuma irinsa ake zubawa a injinan haidirolik da sarƙar zarton inji a ƙasashen da suka damu da abin da yake zuba cikin ƙasa da ruwa.

Ana iya yin wannan haɗin da asid mai ƙarfi a zafin da ya haura digiri 150, amma man yana yin duhu, ga wahalar wanke asid ɗin. Enzayim, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, mai suna laifes, wanda za ka ga an rubuta lipase a jikin kwalbarsa, yana yin aikin a digiri 40 zuwa 60, man ya fito fes. Matsalarsa tsada. Idan ka zuba shi sake cikin mai, ka yi amfani da shi sau ɗaya ke nan, ya tafi. Shi ya sa ake kafa masa turke. Turken nan baƙaƙen ƙwayoyi ne na haɗin ƙarfe da oksijin (Fe3O4), ƙanana ƙwarai, kimanin nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), waɗanda maganaɗisu yake janyowa. In aiki ya ƙare ka manna mayen ƙarfe a gefen kwalba, enzayim ya taru wuri guda, ka tsiyaye manka, ka sake zuba sabo.

Tun yanzu ka sa a ranka cewa baƙin gari mai bin maganaɗisu kowa yana iya yinsa da yamma guda. Gwanintar tana wajen sau nawa enzayim ɗin zai sake aiki bayan an ɗaure shi.

Kafin ka kunna komai

Kana buƙatar gishirin ƙarfe iri biyu, FeCl3·6H2O da FeSO4·7H2O, ruwan amoniya mai ƙarfin kashi 25, etanol, TEOS (ruwan sinadarin da yake samar da silika), APTES (wanda yake sa wa silikar ƙugiya), gulutaraldehaid mai kashi 25, gishirin fosfet biyu na haɗa bafa (ruwan da yake riƙe pH kada ya canza), gilaisin, sinadarin Bradford na awon furotin, da laifes ɗin kansa. Wasu suna amfani da FeCl2·4H2O maimakon salfet. Ni na fi son salfet domin ya fi jure ajiya. Ko wanne ka samu, ka duba launinsa. Kore-kore mai haske shi ne mai lafiya. In ya koma ruwan ƙasa, iska ta riga ta cinye shi, kada ka ɓata lokacinka. Haka TEOS da APTES, danshi ne maƙiyinsu. Kwalbar da ta yi gari-gari fari a bakinta ko ruwan ya yi gauraye, ta tashi daga aiki.

Maganaɗisun lasifika bai isa ba. Na niyodimiyom ake so, kuma in babu a ɗakin gwajinku, masu gyaran kwamfuta suna da shi cikin matattun ma'ajiyar bayanan kwamfuta (hard disk). Biyu ko uku a haɗe sun wadatar. Ka yi hankali da yatsunka, suna matse fata.

Abu na ƙarshe, kuma a nan na taɓa shan kunya. A gwajina na farko na jefa ɗan ƙarfen nan mai juyawa a ƙasan kwalba, wanda faranti mai maganaɗisu yake kaɗawa, kamar yadda muka saba a kowane haɗi. Ina zuba amoniya, ruwa ya yi baƙi, na yi murna. Bayan minti biyu ruwan ya fara washewa, na leƙa sai ga garin duka ya manne a jikin ƙarfen ya tsaya cako-cako kamar bushiya. Rabin wuni na yi ina kankarewa da cokalin roba. A wannan aikin daga farko har ƙarshe, maburgin inji mai saukowa daga sama ake amfani da shi, mai sandar gilashi ko tefulon, ko kuma injin girgiza kwalabe.

Mataki na farko: haɗa garin

Hanyar da kusan kowa yake bi ita ce wadda Massart ya wallafa a 1981: a narka gishirin ƙarfe biyu tare, kashi biyu na Fe3+ da kashi ɗaya na Fe2+, a zuba musu alkali su faɗo a matsayin Fe3O4.

Ka tafasa tataccen ruwa mililita 200 na minti goma don iskar oksijin ta fita, ka rufe ya huce. In kana da tukunyar naitirojin, ka riƙa busa ta cikin ruwan har a gama, ya fi. Ka narka giram 5.4 na FeCl3·6H2O da giram 2.8 na FeSO4·7H2O, wato mol 0.02 da mol 0.01. In babu naitirojin, ka ɗan ƙara salfet ɗin zuwa giram 3.1, domin wani ɓangarensa zai lalace kafin ka gama. Ka ɗumama zuwa digiri 80 maburgi yana gudu sosai, sannan a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ka zuba amoniya mililita 20 gaba ɗaya, da sauri. Ruwan da yake launin lemo zai koma baƙi ƙirin nan take. Takardar awon pH ta nuna 10 zuwa 11. Ka bar shi yana juyawa a wannan zafin rabin awa.

Zuba amoniya a hankali, ɗigo-ɗigo, yana sa haɗin ya daɗe a tsakiyar hanya inda tsatsa mai ruwan ƙasa take fitowa, kuma ita maganaɗisu ba ya janta da kyau. In ka ga abin ya yi ja-ja maimakon baƙi, ka zubar ka sake.

Da ya huce, ka ɗora kwalbar a kan maganaɗisu, gari ya kwanta, ka tsiyaye ruwan, ka wanke da tataccen ruwa har sai pH ya sauko 7. Yakan ɗauki wanki biyar ko shida, kuma na ƙarshe-ƙarshen sun fi jinkirin kwanciya, sai ka yi haƙuri. Lissafi ya ce giram 2.3 za ka samu, a aikace ɗan ƙasa da haka. Kada ka busar da shi a tanda. In ya bushe ya dunƙule kamar tsakuwa, ba zai sake warwatsuwa yadda ake so ba. Ka ajiye shi cikin ruwa ko etanol. Don sanin nauyinsa, ka girgiza, ka ɗebi mililita ɗaya, ita kaɗai ka busar ka auna.

Mataki na biyu: yi masa rigar silika

Wasu ɗalibai suna tsallake wannan don rage kuɗi. A wani aikin za a iya yafe musu, a aikin man inji kuwa a'a. Garin zai kwana cikin asid ɗin mai da ɗumi, asid ɗin yana lasar ƙarfen a hankali, ƙarfen da ya narke cikin mai kuma yana hanzarta lalacewarsa da iska. Ka ga ke nan ka haɗa mai kuma ka zuba masa abin da zai kashe shi.

Hanyar Stöber ta 1968 ake bi. Giram ɗaya na garin cikin etanol mililita 160 da ruwa mililita 40. Ka sa kwalbar a kwanon sonika, mai warwatsa gari da ƙarfin sauti, minti ashirin har ƙwayoyin su rabu da juna, domin duk dunƙulen da ya rage, silika za ta lulluɓe shi a dunƙule har abada. Ka zuba amoniya mililita 4, sannan TEOS mililita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wannan karon ɗigo-ɗigo. Ya juya awa shida a zafin ɗaki. Ka janye da maganaɗisu, ka wanke da etanol sau uku, ruwa sau biyu.

In ruwan da ka tsiyaye ya yi fari kamar tsinkakken koko, TEOS ya yi yawa, ya yi nasa ƙwayoyin dabam waɗanda babu ƙarfe a cikinsu. Riga mai kauri kuma tana rage ƙarfin janyowa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: kwalabe ƙanana biyu da asid HCl mai ƙarfin mola ɗaya, ɗaya da tsiraran gari, ɗaya da mai riga. Na farkon zai rina ruwan rawaya da wuri. Na biyun in riga ta zauna, zai daɗe bai canza ba.

Mataki na uku da na huɗu: ƙugiya da igiya

APTES shi ne ƙugiyar. Gefensa ɗaya yana kama silika, ɗayan yana barin rukunin amin (NH2) a waje. Giram ɗaya na gari mai riga cikin etanol mililita 100 da ruwa mililita biyu, a sonika minti goma, a zuba APTES mililita ɗaya, a juya awa shida a digiri 50 zuwa 60 da murfi mai mayar da tururi, ko a bar shi ya kwana yana juyawa a zafin ɗaki. A wanke da etanol aƙalla sau huɗu. Ninhaidirin, sinadarin gano amin, zai gaya maka gaskiya: ka ɗumama ɗan garin da shi, ka janye da maganaɗisu, ruwan ya zama shunayya. Ruwan wankin ƙarshe kuwa bai kamata ya ba da launi ba. In ya bayar, akwai sauran APTES sake, kuma zai cinye gulutaraldehaid ɗinka a banza.

Gulutaraldehaid shi ne igiyar, mai kai biyu. Kai ɗaya ya kama amin na jikin gari, ɗayan ya jira amin na jikin enzayim. Tsawonsa na kabon biyar yana ba enzayim ɗan talala, ya iya motsi ba tare da ya tsere ba. Ka fara haɗa bafa ta fosfet mai ƙarfin milimola 50 a pH 7: giram 4.3 na Na2HPO4 marar ruwa da giram 2.7 na NaH2PO4·H2O cikin lita ɗaya, ka tabbatar da na'urar awon pH. Ka haɗa mililita 4 na gulutaraldehaid da mililita 36 na bafa, ya zama kashi 2.5, ka zuba garin, ya girgiza awa biyu. Safar hannu da tabarau dole ne, kuma cikin akwatin hayaƙi, domin yana ƙona ido da maƙogwaro, wasu har asma yake tayar musu.

Ka wanke da bafa sau biyar ko fiye. Duk wanda ya rage cikin ruwan zai ɗaure enzayim da ɗan'uwansa su dunƙule a gefe, ba a jikin gari ba. Kuma kada ka bar garin ya kwana a wannan hali, ka wuce mataki na gaba a ranar.

Gargaɗi ɗaya da yake cin mutane da yawa: kada ka yi amfani da bafar Tris a nan. Ita ma tana da amin, za ta cafke igiyoyin kafin enzayim ya iso. Haka in laifes ɗinka ya zo cikin amoniyom salfet, sai an raba shi da shi tukuna.

Mataki na biyar: wane laifes, kuma nawa

Ba duk laifes ne ɗaya ba. Na Candida antarctica nau'in B, wanda ake kira CALB, shi ne gwanin haɗa esta a inda ruwa ya yi ƙaranci, yana kuma jure digiri 60 in an ɗaure shi. Shi ne a cikin Novozym 435 da ake sayarwa a ɗaure a jikin ƙwayoyin roba, kuma yana da kyau ka samu ɗan kaɗan ka riƙa gwada naka da shi. Na Candida rugosa ya fi arha, ya ƙware wajen farfasa mai, ba ya zaɓen gurbi a jikin gilisarol, amma ya haura digiri 45 sai ya fara sanyin jiki. Na Thermomyces lanuginosus ana samunsa da yawa a ruwa-ruwa saboda masana'antu suna amfani da shi. In kuɗi ya isa, don haɗa esta da TMP na zaɓi CALB.

Kada ka yarda da sikeli wajen auna enzayim. Garin Candida rugosa na kasuwa galibinsa ciko ne irin su laktos, furotin ɗin ɗan kaɗan ne. Ka narka shi a bafa mai sanyi, ka tace ko ka juya a santirifuj, sannan ka auna furotin ɗin da hanyar Bradford, wadda aka wallafa a 1976, a na'urar awon haske da aka saita a nanomita 595.

Ka fara da miligiram 30 na furotin ga kowane giram na gari. Misali mililita 20 mai miligiram 1.5 a kowace mililita. Ka ware kaɗan daga ruwan enzayim ɗin a wata kwalba babu gari, ya sha irin girgizar da sauran za su sha. Shi ne shaidarka, da shi za ka gane ko zafi da girgiza ne suka raunana enzayim, ko ɗaurin. Ka bar su suna girgiza a hankali, ba har kumfa ba, awa huɗu zuwa shida a digiri 25, ko su kwana a digiri 4. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zafin ɗaki yana iya kusantar 40, saboda haka in takarda ta ce zafin ɗaki, ba irin namu take nufi ba. Kwano da ruwan sanyi da ɗan ƙanƙara ya isa gyara.

Kowace awa ka manna maganaɗisu ka ɗebi ɗan ruwan sama ka auna. Da furotin ya daina raguwa, an gama. A ce ka zuba miligiram 30, ka samu 9 cikin ruwan da ya rage haɗe da ruwan wanki, to 21 sun ɗauru, kashi 70 ke nan. Mutane suna son ganin babban adadi a nan, suna ta ƙara enzayim. Cunkoso ba riba ba ne. In suka matsu a jikin ƙwaya ɗaya suna toshe wa juna baki, sai ka kashe kuɗi ninki biyu ka samu aiki ɗaya.

Bayan haka ka zuba gilaisin mai ƙarfin mola 0.1 na awa ɗaya don ya toshe igiyoyin da ba su kama komai ba, in ba haka ba za su ci gaba da kama enzayim ta ko'ina har su sandare shi. Ka wanke da bafa, ka yi wanki ɗaya da ruwan gishiri mai mola ɗaya don waɗanda suka manne kawai ba su ɗauru ba su fita tun yanzu, ka ƙarasa da bafa.

Mataki na shida: yana raye?

Furotin ya ɗauru dabam, yana aiki dabam. Hanyar da ta fi sauƙin kaya ita ce ta man zaitun, kuma abin daɗin shi ne ƙaro take buƙata, irin wanda ake tsinta a Jigawa da Yobe da Borno har zuwa Sudan. Ka narka giram 7 na tsaftataccen ƙaro cikin ruwa mililita 100, ka haɗa da man zaitun daidai wa daida, ka buga a bilenda har ya zama kamar madara. Mililita 5 na wannan, mililita 4 na bafa, da garin enzayim wanda ka san nauyinsa, a digiri 37 na minti goma ana girgizawa. Ka tsayar da aikin da mililita 10 na etanol da asiton rabi da rabi, ka janye garin, ka ɗiga finoftalin, ka auna asid ɗin da ya fito da ruwan KOH mai mola 0.025 har launin hoda ya tsaya. Yunit ɗaya shi ne maikuromol ɗaya na asid a minti ɗaya. Ka yi haka ga enzayim sake da kuma ɗaurarre, bisa furotin iri ɗaya, ka kwatanta. Ka sani CALB ba gwanin farfasa man zaitun ba ne, adadinsa zai fito ƙarami. Shi an fi gwada shi da tiributirin ko da ƙaramin haɗin esta kai tsaye.

In kuna da FTIR, na'urar gano sinadarai da hasken infrared, alamar ƙarfe da oksijin tana wajen 580, ta silika wajen 1080, ta furotin wajen 1650 da 1540. A XRD, na'urar duba tsarin garin da hasken X-ray, babban tsauni a zanen sakamako yana kusa da kusurwar digiri 35.5. Suna ƙawata rahoto, amma ba su gaya maka ko enzayim ya mutu.

Mataki na bakwai: man da za a haɗa

A gwajin farko ka sayi asid oleyik. Da shi za ka san in abu ya ƙi, laifin enzayim ne ba na mai ba. Bayan hannunka ya faɗa sai ka koma man gida, ka farfasa shi zuwa asid ɗin mai tukuna, ko da laifes na Candida rugosa da ruwa a digiri 40, ko ka mai da shi sabulu da KOH sannan ka zuba asid ya saki man. Ka wanke gilisarol ya fita, ka busar.

Man gyaɗa da na riɗi abinci ne, kuma kasuwarsu ta fi ta man inji, ban ga dalilin taɓa su ba. Bini-da-zugu ba a cinsa, ya dace ta wannan fuskar, sai dai kusan sulusin asid ɗinsa linoleyik ne mai saurin lalacewa da iska, dole a taimaka masa da sinadarin kariya. Zurma ita ce ta dabam. Kusan kashi 90 na manta asid risinoleyik ne, wanda yake da nasa hannun OH a tsakiyar jiki, abin da ya sa take da kauri haka. Wannan hannun yana sa asid ɗin ya riƙa kama ɗan'uwansa ya yi sarƙa, abin da ake kira estolaid, musamman da laifes na Candida rugosa. Wani lokaci shi ake nema. In ba shi kake nema ba, ka haɗa asid ɗin zurma da 2-etilhekzanol, ya fi sauƙin sarrafawa. Tunkuzar zurma kuwa akwai dafin risin a cikinta, kada a bar ta inda dabba ko yaro zai kai baki.

Mataki na takwas: haɗin kansa

Kafin ka zuba garin enzayim cikin mai, ka tsane ruwansa, ka ɗauraye da asiton mai sanyi ko tat-butanol sau biyu da sauri, ka bar shi a tukunyar busarwa mai silika jel ya kwana. Ba a son ya bushe ƙayau, enzayim yana buƙatar ɗan danshin da yake manne a jikinsa don ya riƙe siffarsa.

Giram 42.4 na asid oleyik da giram 6.7 na TMP, wato uku bisa ɗaya a lissafin mol. TMP fari ne kamar ƙanƙara, yana narkewa wajen digiri 58, sai ka ɗumama haɗin zuwa 60 har ya narke. Ka zuba garin enzayim giram biyu, kimanin kashi 4 na nauyin haɗin, ka riƙe zafin tsakanin 55 da 60 in CALB ne, maburgi yana juyawa matsakaici.

Yanzu sai yaƙi da ruwa. Kowane asid da ya kama TMP yana sakin ƙwayar ruwa ɗaya, kuma wannan haɗin in ya kammala zai fitar da giram 2.7. Ruwan nan in ya zauna, enzayim ɗin da ya ƙulla shi ne zai juya ya kwance. Famfon zuƙe iska shi ne maganin da ya fi, a rage matsin cikin kwalba ruwan ya riƙa tashi. In babu, ka busa busasshen naitirojin ta cikin man. Tsakuwoyin tsotse ruwa masu lamba 3A ko 4A suna aiki, amma kada ka watsa su cikin kwalbar, maburgi zai niƙe su su cakuɗe da garinka. Ka ƙulle su a ɗan ƙyalle ka rataya.

Za ka bi sawun aikin da awon asid. Ka ɗebi kimanin rabin giram, ka narka a etanol, ka auna da KOH mai mola 0.1. Ka ninka mililitar da ta tafi da 0.1 da 56.1, ka raba da nauyin samfurin. A farko za ka samu kusan 171. In ya sauko 17, kashi 90 na asid ya shige. Awannin farko yana gudu, daga nan sai ya fara jan ƙafa, domin hannun TMP na uku a matse yake tsakanin dogayen sarƙoƙi biyu, enzayim yana wahalar kai masa. Kwana ɗaya zuwa uku ba abin mamaki ba ne. In wuta ta ɗauke a tsakiya, kada hankalinka ya tashi, aikin tsayawa kawai yake yi. Ka rufe kwalbar kada danshi ya shiga, ka rubuta awannin da aka rasa. Farantin TLC, mai rarraba sinadaran da suke cikin haɗi, zai nuna maka ko mai hannu uku ne ya rinjaya, ko masu ɗaya da biyu suna nan jibge.

Mataki na tara: gwada man

Ka janye garin tun man yana da ɗumi. In ya huce ya yi kauri, ƙwayoyin suna rarrafe kamar mai tafiya cikin taɓo, ka yi awa kana jira. Ɗan hekzen yana tsinka shi, daga baya a kore shi da zafi. Sauran asid ɗin da bai shiga ba a cire shi da alumina mai alkali ko wanki mai sauƙi da ruwan soda, har awon asid ya yi ƙasa sosai.

Ka auna kauri a digiri 40 da 100 bisa ƙa'idar ASTM D445, ka fitar da ma'aunin juriyar kauri, wato yadda kauri yake jure canjin zafi, da D2270, daskarewa da D97, kama wuta da D92. Estar TMP da oleyik in ta yi kyau tana faɗawa ajin ISO VG 46, ma'aunin juriyarta ya kai wajen 180, alhali man inji na gama-gari da aka tace daga ɗanyen man fetur yana wajen 100. Ka girgiza ɗan man da ruwan asid, ka ɗiga tayosayanet, sinadarin gano ƙarfe, a ruwan. In ya yi ja, ƙarfe ya zubo, rigar silikarka ta yage. Kuma kada zumuɗi ya sa ka juye shi a injin mota ko janareto. Wannan tushen mai ne kawai, man juye na kanti yana ɗauke da ƙarin sinadarai masu yawa da naka ba shi da su.

Mataki na goma: zagaye na biyu, na uku, na goma

Ka wanke garin da hekzen sau uku. In ya yi kamar ya danƙare, TMP ne ko ruwa suka manne a jikin silika, tat-butanol zai wanke su. Ka guji metanol, yana kashe laifes. Ka auna nauyin abin da ya rage kowane zagaye, domin wani lokaci enzayim lafiyarsa ƙalau, garin ne yake bin man da kake tsiyayewa kaɗan-kaɗan.

Akwai gwaji ɗaya da ba na yafe wa kowa. A zagaye na farko, bayan awa biyu, ka janye garin daga wani ɓangare na haɗin, ka ci gaba da juya man shi kaɗai a zafi ɗaya. In awon asid ya tsaya cak, ɗaurinka ya yi. In ya ci gaba da sauka, enzayim ya tsinke igiya yana yawo cikin mai, sai ka koma mataki na huɗu ka duba wankinka da shekarun gulutaraldehaid ɗinka.

Wajen kwatanta zagaye da zagaye, kada ka duba sakamakon ƙarshe na awa 48. Enzayim da ya rasa rabin ƙarfinsa ma in ka ba shi kwana biyu zai lallaɓa ya iso inda lafiyayye ya isa tun jiya, sai jadawalinka ya nuna kashi 90 sau takwas a jere kana murna. Ka zaɓi awa ta shida, lokacin da aikin yake tsakiyar gudu, ka rubuta awon asid na wannan awar a kowane zagaye. A nan raunin yake fara bayyana. Tsakanin zagaye ka ajiye garin a rufe a firji, digiri 4, ba a gidan ƙanƙara ba, in kuma firjin naku yana bin wutar gari, ka ajiye robobin ruwan sanyi biyu kusa da kwalbar su riƙe mata sanyi zuwa safe.